HALI ZANEN DUTSE NE, AMMA WA KE ZANAWA?

Tarbiyyar zuciya a makarantun elementare na ƙasar Gwandu

Duk wanda ya taɓa zaga makarantun elementare, waɗanda a yanzu a ke kira firamare, ya san irin tambayoyin da a kan yi wa malami. Yara nawa ke cikin rajista? Nawa suka zo yau? Ina aka tsaya a lissafi? Nawa suka ci jarrabawa bara? Tambayoyi ne masu kyau, kuma wajibi ne a yi su. Amma akwai wata wadda ba safai a kan yi ba, ga ta kuwa ita ce uwarsu. Yaron nan da ya shekara shida a hannunka, malam, in aka ɓata masa rai me ya kan yi? In ya ga ɗan'uwansa na kuka, dariya ya kan yi ko tambaya? In ya yi laifi ba wanda ya gani, ya kan faɗa?

Mutane da yawa za su ce wannan ba aikin makaranta ba ne, hali zanen dutse ne, kowa da wanda Allah ya ba shi. To, mun ji. Sai dai zane ba ya zana kansa. Akwai hannun da ke riƙe da kayan zanen, kuma daga shekara shida zuwa sha biyu, tun hantsi har azahar, hannun malamin elementare ne.

ABIN DA A KE NUFI

A ƙasashen Turawa an daɗe ana muhawara a kan wannan magana. A shekarar 1968 wani likitan ƙwaƙwalwa na Jami'ar Yale ta Amurka, James Comer, ya shiga makarantun elementare biyu na unguwannin talakawa a birnin New Haven, waɗanda suka fi kowace makaranta ta birnin koma baya. Bai fara da sauya littattafai ba. Ya fara da gyara zama tsakanin malamai da iyaye da yara, sannu a hankali karatun ya biyo baya. A 1994 waɗansu masana na can suka kafa ƙungiyar da a ke kira CASEL, suka ba abin suna, watau koyon sarrafa zuciya da iya zama da mutane. Suka kasa shi kashi biyar. Na farko yaro ya san abin da ke cikin ransa. Na biyu ya iya riƙe kansa sa'ad da ransa ya ɓaci. Na uku ya iya gane halin da wani ke ciki. Na huɗu ya iya abota da aiki tare da sulhu. Na biyar ya iya auna abu kafin ya aikata.

Mai karatu zai ce, ashe wannan ne sabon ilmin? Ai kakata ta san shi. Gaskiya ne, ta sani. Wani Bature, A. H. M. Kirk-Greene, wanda ya yi aikin mulki a Lardin Adamawa, ya kuma koyar a Zariya, ya yi lacca a Jami'ar Indiyana a 1973 a kan wanda Hausawa ke kira mutumin kirki, aka buga ta a 1974. Ya lissafa halaye goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Fulani kuma, a cikin abin da su ke kira pulaaku, sun ɗora mutum a kan duwatsun murhu uku, watau semteende, munyal da hakkillo, kunya ke nan da haƙuri da hankali. A wuri kamar Wurogauri ta ƙasar Kalgo, wadda sunanta ma ya fara da wuro, kalmar Fillanci mai nufin mazauni, waɗannan gado biyu suna zaune kafaɗa da kafaɗa, kuma 'ya'yan masu su suna haɗuwa a benci ɗaya.

Saboda haka hajar tamu ce tun asali. Abin da Turawa suka ƙara shi ne tsari. Sun ce kada a bar abin ga sa'a, a koyar da shi da gangan, mataki mataki, kamar yadda a ke koyar da jimla kafin a kai ga sau.

GADON GWANDU

Mutanen wannan ƙasa su ne suka fi cancanta su gane haka, domin malamin da ya zauna a Gwandu, Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1829, bai ɗauki ladabi ƙaramin fanni ba. Cikin littattafansa masu yawa akwai Lubabul Madkhali, wanda ya tsamo daga babban littafin Ibnul Hajji, malamin Fas da ya rasu a Masar a 1336. Shi Ibnul Hajji ya keɓe babi sukutum a kan malamin yara. Ya nemi malami ya daidaita tsakanin ɗan mai kuɗi da ɗan matalauci. Ya kuma nuna cewa yara ba ɗaya su ke ba, akwai wanda ɗaure fuska kaɗai ya ishe shi, akwai wanda sai an yi masa magana mai kaushi, duka kuwa shi ne na ƙarshe, kuma yana da iyaka ƙanƙanuwa. Ma'anar wannan ita ce sai malami ya san zuciyar kowane yaro kafin ya san abin da zai gyara shi da shi.

Ibnu Khalduna kuma, a cikin Muƙaddimarsa ta 1377, ya yi gargaɗi cewa tsananta wa almajirai yana cutar da su, domin yaron da ya tashi cikin tsoro ya kan koyi kasala da ƙarya da yaudara, ya riƙa nuna abin da ba shi ne a zuciyarsa ba don ya tsira daga hannun mai dukansa. Kowane malamin aji ya san wannan yaro. Shi ne mai durƙusawa har ƙasa in ya gan ka, mai maƙure ƙanensa in ka ba da baya.

Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ita kuma ta gane cewa tarbiyya daga ɗakin uwa ta ke farawa. Ta naɗa jajoji, manyan mata masu mutunci, ta ba kowace malfa da jan rawani, suka riƙa jagorantar matan ƙauyuka, 'yan taru, suna ɗaukar karatu suna mayarwa gida. Wannan dabara tana nan da amfaninta, za mu komo kanta.

YADDA BULALA TA HAU GADO

To, me ya sa ƙasa mai wannan gado ta wayi gari bulala ce sarauniyar aji? Dalilin ba mugunta ba ne, yawa ne. Makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, da Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 domin horon malamai, yaransu ƙidayayyu ne, malami ya san kowa da sunan ubansa da garinsu. Sa'ad da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da ilmin firamare kyauta ga kowa a 1976, yara suka kwararo fiye da yadda aka yi tsammani, aka horar da malamai da gaggawa, waɗansu ma aka ɗauke su ba horon. A 1999 aka sake ƙaddamar da shirin ilmin bai ɗaya a Sakkwato, aka yi masa doka a 2004. Alheri ne babba, kada wani ya raina shi. Amma manufar ilmi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35, alhali a makarantu da yawa a kan tarar da ninkin haka a ɗaki ɗaya. Saurayin da aka ba alli aka tura shi gaban irin wannan taro, ba wanda ya taɓa koya masa yadda a ke kwantar da hankalin aji, me zai ɗauka in ba tsumagiya ba?

Tsumagiya kuwa tana kawo shiru, ba shakka. Illarta ita ce shirun nan na ɗan lokaci ne, darasin da ta ke koyarwa kuma mai daɗewa ne, watau mai ƙarfi shi ke da gaskiya. Yaron da ya sha wannan darasi shekara shida, ran da ya zama saurayi shanu suka shiga gonarsu, ko aka tare wa shanunsu burtali, ba wurin dagaci zai fara nufa ba. Wani yaron kuma ba ya jiran ya gama. Ran da aka zane shi a gaban jama'a don bai iya karanta layi ɗaya ba, ran nan ya sallami makaranta a zuciyarsa, ko da ƙafarsa ta ƙara wata biyu tana zuwa. Sai a rubuta a rajista cewa uban ne ya cire shi.

SHAIDAR DA AKA SAMU

Akwai masu tsoron cewa in aka ɗebi lokaci aka ba tarbiyyar zuciya, karatu da lissafi za su ragu. An auna wannan. A 2011 Joseph Durlak da Roger Weissberg da abokan aikinsu suka tattara sakamakon shirye-shirye 213 da aka gwada a makarantu, waɗanda suka shafi yara 270,034. Suka tarar yaran da aka koya wa waɗannan halaye sun rage faɗa da damuwa, sun ƙara son makaranta, kuma karatunsu ya ƙaru. Ƙarin ya kai misalin a jera yara ɗari, wanda ke tsakiyar layi ya wuce goma sha ɗaya daga cikin waɗanda ke gabansa. Suka kuma tarar malaman aji da kansu suna iya gudanar da abin, ba sai an kawo baƙon gwani ba, muddin an bi shi daki daki kuma yara suna aikatawa da kansu. Mafi yawan makarantun nan na Amurka ne, inda azuzuwa ba su cika kamar namu ba, don haka ba za mu ce lalle adadin da suka samu shi za mu samu ba. Amma dalilin a fili ya ke ko'ina. Kan da tsoro ya cika ba shi da wurin ajiye baƙi da wasali.

A nan gida ma an gwada. Daga 2014, sa'ad da rikicin arewa maso gabas ya raba dubban yara da garuruwansu, an buɗe musu cibiyoyin karatu a jihohin Adamawa da Bauci da Gombe, daga baya Yobe da Barno, da taimakon hukumar agaji ta Amurka. Darussa uku aka sa a gaba, karatu da lissafi da wannan tarbiyya ta zuciya, domin yaron da ya ga an ƙone garinsu ba ya jin a-ba-ca-da sai an fara kwantar masa da rai.

Kada mu ce wannan matsalar mutanen gabas ce. A 2020 ambaliya ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a Jihar Kebbi, ta rusa gidaje. Ran 17 ga Yuni, 2021, 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri suka kwashi ɗalibai da malamai, waɗansu 'yan matan ba su komo gida ba sai a 2023. Birnin Yawuri na da nisa da Kalgo, amma labari ba ya jin nisa. Yaro ɗan aji biyu ya ji manya suna maganar a zaure, ya ji a rediyo, ya kwana da ita, da safe ya ɗauko ta tare da allonsa. In ba wanda ya tambaye shi, sai ta fito ta wata hanya, ko ta faɗa, ko ta fitsarin kwance, ko ta ƙin zuwa makaranta.

ABIN DA MALAMI ZAI IYA YI GOBE DA SAFE

Wannan aiki ba ya bukatar sabon gini ko kwabo ɗaya daga baitulmali. Ga kaɗan daga cikin hanyoyinsa.

Gaisuwa ita ce farko. Malami ya tsaya a bakin ƙofa ya karɓi yara da sunayensu. In sun yi yawa, ya ɗauki goma yau, goma gobe. Cikin minti biyar zai ga wanda idonsa ya kumbura, da wanda bai karya kumallo ba, da wadda ta makara don sai da ta kai tallan koko. Yaron da aka kira da sunansa ya san an san da zamansa.

Na biyu, a ba yara sunayen abin da ke ransu. Hausa ba ta da talauci a nan. Fushi daban, haushi daban, takaici daban. Akwai kishi, akwai hassada, akwai ƙyashi. Akwai tsoro, akwai fargaba, akwai kewa. Yaron da bai san kalma ba sai “ya ba ni haushi”, hannunsa shi zai ƙarasa masa magana. Wanda ya iya cewa “na ji kunya ne da ya yi mini dariya” ya riga ya yi rabin sulhu. In akwai 'ya'yan Fulani a ajin, a tambaye su yadda a ke faɗin kowace da Fillanci, a rubuta a allo gefe da gefe. Ran nan yaron da a ke yi wa dariya don Hausarsa ba ta nuna ba, shi ne malamin aji.

Na uku, tatsuniya. Kowa ya san Gizo da Ƙoƙi. Amma kada a tsaya ga ƙurunƙus. A tambaya, da Gizo ya cinye rabon kowa, yaya Ƙoƙi ta ji? Kai da kai ne aka yi wa haka, me za ka yi? Akwai wata hanya da zai bi ya ƙoshi ba tare da ya cuci kowa ba? A bar su su yi gardama. Wannan shi ne auna abu kafin aikatawa, an koyar da shi ba tare da wa'azi ba.

Na huɗu, wasa da gayya. Langa da dara da carafke da gaɗa duk suna da doka, da jiran layi, da ci, da faɗuwa. Malamin da ya fita fili tare da yara zai koyar da haƙurin kaye fiye da wanda ya rubuta kalmar haƙuri a allo sau ɗari. A lambun makaranta kuma a raba su ƙungiya ƙungiya, a gauraya ɗan manomi da ɗan makiyayi da ɗan masunci, a ba kowace ƙungiya kunyarta. Monita kuwa a riƙa sauya shi kowane mako, kuma a ba shi tsintsiya da rajista, kada a ba shi bulala.

Na biyar, zaman sulhu. In biyu suka yi faɗa, a bar su su huce tukuna, su sha ruwa, su ƙirga ashirin. Sa'an nan a zauna yadda a ke yi a zauren mai unguwa. Kowa ya faɗi nasa ba katsewa, sa'an nan kowa ya maimaita abin da abokin faɗansa ya ce, har shi mai maganar ya yarda an faɗa daidai. Daga nan a tambaye su me zai gyara ɓarnar. Wanda ya yaga littafi ya liƙe shi. Wanda ya yi zagi a gaban jama'a ya ba da haƙuri a gaban jama'a. Horo ne, kuma yana da zafi, amma zafin da ke barin mutunci.

Har wasan barkwanci na taubasai yana da wuri a nan. Yadda Fulani da Barebari, ko Kanawa da Zage-zagi, ke tsokanar juna ba wanda ya zare wuƙa, misali ne mai kyau na bambancin wasa da cin mutunci. Alamar ita ce, in ɗaya kaɗai ke dariya, ya daina zama wasa.

A KULA DA KUNYA DA HAƘURI

Akwai wuri guda da ya kamata mu yi hattara da gadon namu. Kunya ado ce, amma akwai yarinyar da ta san amsa sarai, ta sunkuyar da kai shekara shida, har aka ɗauka daƙiƙiya ce. Akwai kuma wadda wani babba ke cuta a hanyar talla, kunya ta hana ta faɗa. Haka nan haƙuri. Mahaƙurci mawadaci ne, amma haƙuri daban, haɗiye baƙin ciki daban. Wanda ya haɗiye bai yafe ba, ajiya ya yi, kuma ranar buɗe ajiyar tana zuwa. Aikin malami ne ya nuna wa yara cewa ladabi bai hana faɗin gaskiya ba, ya kuma zama mutumin da yaro zai iya zuwa wurinsa ya ce an yi mini kaza, a saurare shi, a rufa masa asiri.

KIRA GA MASU HANNU A CIKI

Ga kwalejojin horon malamai, irin su Kwalejin Ilmi ta Adamu Augie da ke Argungu, muna roƙon a sa wannan cikin abin da a ke dubawa sa'ad da ɗalibi ya fita koyon koyarwa. A kan ba shi maki a kan rubutun allo da tsarin darasi. A ƙara da yadda ya yi da yaron da ya fashe da kuka, da yadda ya raba faɗa. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, mazauninta yana ƙasar Kalgo, maƙwabciyar waɗannan makarantu ce, kuma ita ta fi dacewa ta auna mana abin da ke aiki a azuzuwanmu.

Ga masu duba makarantu, a tuna shiru ba shi ne alamar aji mai kyau ba. Ga hukumomin ilmi, a tuna malamin da albashinsa ya makara, ransa a ɓace ya ke shiga aji, kuma mai ɓataccen rai ba ya koyar da kwanciyar hankali. Makarantun 'ya'yan makiyaya, waɗanda aka kafa wa hukuma tasu a 1989, kada a manta da su a wannan shiri.

Ga hakimai da dagatai da limamai da kwamitocin makarantu, a komo ga dabarar Nana Asma'u. Kowane ƙauye yana da dattijuwar da mata ke jin maganarta. A jawo ta, a gaya mata abin da a ke koya wa yara, ta kai shi cikin gidaje, don kada malami ya yi ta saƙa da safe ana warwarewa da dare. Uban da ya kan kawo ɗansa ya ce, “Malam, ga shi nan, ka bar mini ƙashi kawai,” a zaunar da shi a yi masa bayani da girmamawa, domin shi ma alheri ya ke nufi, hanyar da ya sani ke nan.

Jama'a, yaran da ke zaune a ƙasa yau a Wurogauri da Diggi da Kambaza da Dalijan, su ne alƙalai da 'yan sanda da sarakunan noma da arɗo-arɗo na shekara talatin masu zuwa. Yadda za su yi da mai rauni in ya zo gabansu, yanzu a ke zana shi. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, kuma mai tanƙwarawa da garaje karyawa ya kan yi. Allah ya ba malamanmu haƙuri da basira, ya shirya mana zuriya, amin.